Wa Ya Aike Ka?

Akwai wata tambaya da aka yi mini a gindin duwatsun Hajar el Hamis, yau shekara biyu ke nan, wadda na kasa amsawa a ranar. Wanda ya yi ta wani tsoho ne mai sayar da banda. Ban san sunansa ba, shi ma bai nemi sanin nawa ba. Tun daga ranar nake kwana da ita ina tashi da ita, shi ya sa na ga gara in shimfiɗa ta a gaban masu karatu, ko a dace wani ya fi ni ganin bakin zaren. Idan aka cire mata riga, tambayar ita ce: shin ya dace mutum ya sayi wahala da kuɗinsa don nishaɗi, a kan hanyar da wasu ke shan irin wannan wahala don neman abin kaiwa bakin salati?

Bari in fara da kaina, don mai karatu ya san daga inda nake magana. A Njamena aka haife ni. Kakana daga ƙasar Katsina ya taso a ƙasa da niyyar Makka, zamanin da ake kiran garin nan Fort Lami, kafin a sauya masa suna a 1973. Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya tsaya ɗinkin hula don ya tara na ci gaba, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, tafiya ta zama zama. Ni jikansa, aikin ofis nake yi, daga kujera sai mota, daga mota sai kujera. Da na haura shekara arba'in likita ya auna ni ya ce sukari ya fara leƙo ni, ko in motsa jiki ko in shirya zama da magani har ƙarshen rayuwa. Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin masu gwanjo, na sayi keke mai kaurin taya da giya da yawa, irin wanda ake ce wa VTT a nan, kamar yadda Faransawa ke kiransa. Sefa dubu 250 na biya. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Keken nan ba don birni aka ƙera shi ba. Asalinsa wasu matasa ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarun 1970, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. Abu kamar wasa, kamfanoni suka shigo ciki, har ya zama ɗaya daga cikin wasannin Olamfik a Atlanta a 1996. To amma Njamena shimfiɗe take kamar faifai. Garin da ko jifan kare za ka yi sai ka nemi ɓallin bulo, ina za ka ga dutsen hawa? Sai ka fita ta arewa, ka wuce matatar mai ta Jarmaya, ka miƙe wajen Dandi da Karal, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, sannan za ka hango wasu duwatsu sun taso daga cikin fili kamar an dasa su da hannu. Su ne Hajar el Hamis, waɗanda yankin Hajar Lamis ya samo suna daga gare su. Ɗaya daga cikinsu iska da ruwa sun sassaƙa shi har ya yi kama da giwa a tsaye, da haƙiƙanin ƙafafu da hanci. Baturen Ingila Dixon Denham ya ratsa wajen a 1824, ya tarar mutanen ƙasar suna danganta dutsen da Annabi Nuhu. Daga can sama, idan iska ba ta ɗauko ƙura ba, kana hango koren fadamun da Tafkin Chadi ya bari a bayansa.

Mukan tafi mu huɗu ko biyar, mu loda kekuna a bayan a-kori-kura tun asuba, a lokacin sanyi. Ba zan ɓoye daɗin abin ba, domin idan na ɓoye na yi wa tambayar ha'inci. Hanyoyin da ke kewaye duwatsun sirara ne, suna ratsa tsakanin aduwa da bagaruwa da magarya, nan rairayi, can tsakuwa, gaba kaɗan kuma fallen dutse mai santsi. Idan kana hawa, numfashinka kake ji kamar zugazugin maƙera, cinyoyi suna zafi, zuciya tana ce maka sauka ka tura. Idan ka juyo gangara kuwa, duk wani tunani sai ya fita daga kanka. Babu bashin da ake bin ka, babu takardar da shugaba ke jira, babu kuɗin makarantar yara. Kai ne da dutsen da ke gaban tayarka, da yatsu biyu a kan birki. Na kai shekara ashirin ban san irin wannan natsuwa ba a cikin wani abu na duniya. Cikin wata shida sukari ya sauka, barci ya dawo, har maiɗakina ta ce na rage faɗa a gida.

Ranar da abin ya faru, a watan Janairu ne, hantsi ya ɗaga. Ina gangarowa daga kafaɗar ɗaya daga cikin duwatsun, a wata 'yar hanya da ke sauka ta haɗe da turbar mutanen ƙauye a bayan wata kurmin magarya. Na san mahaɗar, na bi ta ya fi sau goma, ban taɓa cin karo da kowa ba, shi ya sa ban rage gudu ba. Ina shan kwanar sai ga mutum yana tura tsohon keke Phoenix, an ɗaure masa kwali uku na banda a kariya da igiyar roba. Na damƙe birki, tayar baya ta ja a kan tsakuwa, na tafi da gefe na daki tayarsa ta gaba. Muka zube gaba ɗaya, ni da shi da kekuna da kifi.

Allah ya kiyaye, bai karye ba, sai gwiwa da ya kurje. Ni kuwa hular kwano da safar hannu sun tare mini. Kwali ɗaya ya fashe, banda ta watse a rairayi, wani ya farfashe. Wilinsa na gaba ya lanƙwashe kamar kwanon da aka taka. Nawa keken ko ƙwarzane bai yi ba.

Na durƙusa ina tsince kifin, bakina yana rawa. "Sannu Baba. Ka yi haƙuri, laifina ne."

Ya daɗe yana duban wilin kafin ya dube ni. Da Hausa ya amsa, irin ta masuntan bakin tafki. "Ka ji ciwo ne, ɗana?"

"A'a, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi inda na fito. "Me ka hau ɗaukowa a can sama?"

"Ba komai, Baba."

"Dabbarka ce ta ɓata?"

"A'a. Motsa jiki ne kawai."

Ya yi shiru, yana juya maganar. Ya hango motarmu a tsaye a inuwa can nesa. Sannan ya ce, "Ga mota kun ajiye. To wa ya aike ka?"

Babu gatse a muryarsa, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Da zagina ya yi, da na sunkuyar da kai na karɓa, magana ta wuce. Shi kuwa da gaske yake son ya sani, kamar yadda za ka tambayi wanda ka tarar yana ɗebo ruwa daga rijiya yana mayarwa ciki.

Muka ɗauke shi da kayansa a mota muka kai shi kasuwar da za shi, muka nemo mai gyaran keke ya sa masa wani wili. Na zaro sefa dubu 20 na miƙa masa. Ya zauna ya yi lissafin kifin da ya lalace a hankali, ya ɗauki dubu 7, ya maido mini da saura. Na ce ya riƙe duka. Ya ce, "Abin da ka ɓata ke nan. Sauran naka ne." Ya ɗaure kwalayensa, ya yi mini addu'ar sauka lafiya, ya shige cikin jama'a.

A hanyar komawa abokaina suka yi ta ba ni baki, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni kuma na fara gina wa kaina katanga, kamar yadda kowane mai laifi ke yi. Tubalin farko da na aza shi ne cewa neman wahala don wasa ba sabon abu ba ne, kuma ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Mahauta da ke ɗaure hannu su shiga dambe bayan kaka, wa ya aike su? Matasan Fulani da ke buɗe ƙirji a sharo, wa ya aike su? 'Yan kokawar Nijar da ke neman takobi tun 1975, da dubban masu su da ke rugawa cikin ruwa da goruna a Argungu, da mahayan da ke sukuwa ranar sallah har doki ya yi kumfa, duk babu wanda yunwa ta tura. Har yaran unguwa da ke langa da ƙafa ɗaya alhali Allah ya ba su biyu, wahala suka ɗora wa kansu da gangan. Ashe ɗan Adam haka aka halicce shi, idan cikinsa ya ɗauka sai ya nemi abin da zai gwada ƙarfinsa a kai. Wanda ya ce duk motsin da ba ya kawo hatsi banza ne, to ya soke rabin al'adunmu.

Wannan hujja gaskiya ce, har yanzu ban janye ta ba. Amma da na ƙara dubanta sai na ga ɓarakar da ke jikinta. Dambe yana da fage. Ana share wuri, jama'a su yi da'ira, makaɗa su zauna, kowa ya san abin da za a yi. Ɗan dambe ba ya kai wa ɗan kallo naushi, wanda ya shigo fage da ƙafarsa kaɗai yake bugu. Sukuwa ma sai an buɗe hanya, dogarai sun kore yara. Wato al'ummar da ta yarda da wasa mai haɗari, ita ce kuma ta zana masa iyaka, ta tabbatar duk wanda zai ji ciwo ya amince tun farko. Ni fa? Na ɗauki hanyar kasuwar wani na mayar da ita fagena, ban sanar da kowa ba, ban nemi izinin kowa ba. Tsohon nan bai san an sa shi cikin wasa ba sai da ya ji shi a ƙasa.

Daga nan tunanina ya tafi ga wani labari da na taɓa karantawa game da tsaunin Everest. A 1922, a yunƙurin Turawan Ingila na hawansa, ƙanƙara ta zubo ta kashe 'yan dako bakwai daga mutanen yankin. George Mallory, wanda yake cikin jagororin hawan ranar, ya tsira, ya koma a 1924 ya mutu a can, kuma har gobe duniya tana ambaton sunansa. Su bakwai ɗin, mutum nawa ne zai iya kawo sunan ko ɗaya daga cikinsu? A watan Afrilun 2014 ma ƙanƙara ta sake kashe 'yan ƙasar Nepal 16 a tsaunin, suna cikin kai kayan baƙin da suka biya kuɗi don su hau. Ba ina haɗa 'yar gangarata da Everest ba ne, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Abin da na gani shi ne ƙirar abin iri ɗaya ce. Duk inda wani ya zaɓi haɗari don jin daɗi, idan ka duba da kyau za ka tarar da wani a gefe wanda bai zaɓa ba, amma da shi ake raba kuɗin.

Da na fara lissafin masu biya a nawa wasan, sai na ga suna da yawa. Turbar kanta ba ni na fitar da ita ba. Ƙafafun mata masu itace, da kofaton jakai da shanu, da tayoyin irin su tsohon nan, su suka daddale ta shekara da shekaru, na zo na tarar da ita a gyare. Sannan ga maiɗakina da yara uku. Da wuyana ne ya karye a ranar, a wurin da babban asibiti ke nesa da tafiyar sa'o'i, ba ni kaɗai zan kwanta ba, gida guda ne zai kwanta. Nakan ce jikina ne, ina da ikon yin abin da na ga dama da shi. Amma jikin magidanci kamar rumbu ne a tsakar gida, sunansa ne a kai, abincin na kowa ne.

Sai na faɗa ɗaya ramin, wato na kunya. Na jingine keken a zaure wata uku ban taɓa shi ba. Duk sanda na wuce shi sai in tuna kuɗinsa zai sayi irin keken tsohon nan guda nawa, in tuna cewa dubu 20 da na zaro ba tare da na ji a jikina ba, ko kuɗin tayoyina biyu ba su kai ba. Na yi niyyar sayar da shi. A cikin watannin nan sukari ya sake hawa, faɗa ya dawo gida. Wata rana maiɗakina ta ce da ni, "Malam, wai shi tsohon nan, ajiye keken da ka yi ya ƙara masa kifi ko guda?" Ban tanka ba, don na san ta fi ni gaskiya. Kunyar da ke zaune a ɗaki tana cin mai ita, ba ta kai wa kowa komai, ita ma wani nau'in son kai ce. Ina ta kallon kaina a madubi ina jin zafin yadda na zama, alhali wanda aka buge yana can yana tura kayansa, bai san ina yi ba.

Abokina da ya kai ni sayen keken yana da tasa hujjar. Ya ce ai zuwanmu alheri ne ga mutanen wurin, muna sayen shayi da gasasshen kifi, muna ba yaran da ke gadin mota na goro, wa ya rasa? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tsohon ya riga ya rushe ta tun ranar da ya maido mini da dubu 13. Da ya karɓe duka, da na koma gida ina jin ni mai kyauta ne, da karon ya zama labarin alherina. Da ya ƙirga abin da na ɓata ya ɗauka, ya bar sauran, sai ya ajiye ni a inda nake, wato mai laifin da ya biya diyya. Ya nuna mini cewa tsakaninmu haƙƙi ne, kuma haƙƙi ba ya zama sadaka don mai biya ya fi mai karɓa kuɗi. Hujjar abokina tana da wani haɗari kuma. Wanda ya saba ganin kuɗinsa na wanke masa hanya, a hankali mutanen wurin sukan koma masa kamar itatuwa da duwatsu, kayan kallo. Na tuna sau nawa muka ɗauki hoton mata ɗauke da itace muka sa a Facebook, ba mu ko yi musu sallama ba, balle mu tambaye su.

To idan barin abin bai amfani kowa ba, kuɗi kuma bai wanke shi ba, me ya rage? A nan ne na tsaya na tambayi kaina abin da keken ya koya mini wanda mota ba ta koya mini ba, kuma na tarar ba kaɗan ba ne.

Shekara arba'in ina zaune a Njamena, Tafkin Chadi a wurina suna ne a takarda. Na san a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25, na san farin 1973 da na 1984 sun tsotse shi har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, na san hukumar ƙasashen tafkin da aka kafa a 1964 a garinmu take da mazauni. Amma sai a kan keke na ga abin da alƙaluman ke nufi. Na bi ta gonakin masara da wake da kuɓewa a inda dattawa suka ce da kwalekwale suke wucewa suna samari. Na ga shekarar da Shari ya cika, kamar 2022 da ruwa ya ci unguwanni a Njamena, yadda ruwan ke dawowa ya karɓe gonakin da ya ba da aro. Masana sun ce shekaru dubbai da suka wuce tafkin ya fi murabba'in kilomita dubu 300, duwatsun da nake hawa a tsakiyar ruwa suke. A kan keke na ga kututturan bagaruwa da aka sare, na gane dalilin da ya sa gwamnati ta hana gawayi a ƙarshen 2008, na kuma gane dalilin da ya sa hanin ya yi wa talakan birni zafi. Na ga inda ake fasa dutse a Dandi, manyan motoci suna kwasa zuwa birni, na gane cewa tsakuwar da ke cikin harsashin gidana daga irin waɗannan duwatsu ta fito. Ashe tun kafin in sayi keke ina cin wurin nan, ban dai taɓa zuwa na gaishe shi ba.

Sannan akwai ilmin da ƙafa kaɗai ke ɗauka. Na san yadda rairayi ke riƙe taya, na san abin da tsidau ke yi wa tub, na san nauyin rana idan ruwan gora ya ƙare. Jiki magayi, in ji Hausawa. Da can idan na ga mai tura keke da kaya a gefen titi, ban ganin komai sai abin da zai sa in kauce. Yanzu cinyoyina sukan gaya mini abin da nasa ke ji.

Sai dai a nan ma dole in ja wa kaina birki, kada in ce na san wahalarsa. Ban san ta ba. Tawa gajiyar tana da ƙofa, kuma mabuɗin yana aljihuna. Duk sanda na ga dama zan sauka, in shiga mota, in sha ruwan sanyi. Tasa ba ta da wannan ƙofa, gobe ma sai ya tura, jibi ma haka, ko gwiwa ta kumbura. Bambancinmu shi ne bambancin mai azumi da mai yunwa. Duka biyu cikinsu na kuka, amma ɗaya ya san lokacin shan ruwa. Wannan kwatanci kuwa shi ya buɗe mini hanya, domin kowa ya san cikin hikimomin yunwar da mutum ya ɗauka da niyya akwai tuna wanda tasa ba da niyya ba ce. Wanda ya wuni bai ci ba, ya fito yana hantarar almajiri a ƙofar gida, me ya samu ban da bushewar baki? Haka wahalar da aka zaɓa take. Ba a auna ta da yawan gumi ko tsawon dutse, ana auna ta da yadda mai ita ke bi da wanda ya tarar a hanya.

Masu wannan wasa a Amurka, da rigima ta yi yawa tsakaninsu da masu tafiya a ƙasa har aka fara rufe musu hanyoyi, sun kafa ƙungiya a 1988 suka tsara wa kansu ƙa'idoji. Daga ciki akwai cewa mai keke shi ke kauce wa mai tafiya a ƙasa da mai doki, mai gangarowa kuma shi ke ba mai hawa hanya. Da na ji wannan sai na yi dariyar takaici, domin mu tamu ƙa'idar ta girmi tasu. Wane yaro ne a gidan Hausa ba a koya masa cewa mai kaya a ka shi ke da hanya ba? Wa bai ga mahaifinsa ya sauka daga keke don ya gaida babba ba? Na san duk wannan tun ina ƙarami. Abin da ya faru shi ne, ranar da na sa hular kwano da baƙin tabarau da matsattsun kaya, sai na ji kamar na zama wani mutum dabam, baƙo daga wata ƙasa, wanda ladubban gida ba su hau kansa ba. Kayan wasan sun zo daga waje, ni kuma na bar tarbiyyata a mota tare da babbar riga.

Na koma hawa, amma da sharuɗɗan da na ɗora wa kaina. Ba na gangarowa da gudu a inda ba na ganin abin da ke bayan kwana, ko da na bi wurin sau ɗari. Na sa wa keken ƙararrawa irin ta Phoenix, abokaina suna ta yi mini dariya. Idan na haɗu da mai kaya, ko mace, ko dattijo, ko garke, nakan sauka in tsaya gefe in yi sallama, in cire tabarau don a ga idona. Kafin mu hau mukan je mu gaida mai garin da ke kusa, mu tambayi ranar kasuwa don mu kauce mata. Ba na ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa. A jakata akwai faci da gam da famfo fiye da buƙatata, kuma sun fi yin aiki a kan kekunan wasu fiye da nawa. Akwai kuma wata gangara mai tsananin tsayi da na daina bi gaba ɗaya, saboda maiɗakina ta roƙe ni, na kuma gane tana da haƙƙin roƙon.

Ba zan ce wannan ya daidaita komai ba. Har yanzu kekena na wasa ya fi jarin tsohon nan, kuma sallama ba ta cike wannan rami. Wanda ya ce mini duk da haka akwai rashin adalci a cikin hoton, ba zan yi masa musu ba, sai dai in ce rashin adalcin yana nan ko na hau dutse ko na zauna a falo, kuma a falo ban ma ganinsa. Abin da na iya kaiwa gare shi ke nan, mai karatu yana iya wuce ni.

Na nemi tsohon sau biyu, har mashigar masunta ta Gite na je ina tambaya. Da na ce dattijo ne mai Phoenix da kwalayen banda, sai aka yi mini dariya, aka ce irinsu sun fi a ƙirga. Da zan same shi, ina da amsar da zan ba shi yanzu. A al'adarmu, idan ɗan aike ya yi ɓarna a hanya, ana komawa ga wanda ya aike shi, su raba nauyin. Shi tsohon, cikin iyalinsa ne ya aike shi, saboda haka ko da shi ne ya buge ni yana da abin faɗa. Ni kuwa zan ce masa, "Baba, ba wanda ya aike ni, da ƙafata na zo. Shi ya sa duk abin da ya faru a hanyar nan a wuyana yake, ni kaɗai."

Sanyi ya kusa shigowa, ƙurar hunturu ta fara sauka a kan Shari. Na kai keken an duba birki, an sauya igiyar na baya.